Shekarar da Na Miƙa Baƙon Babanmu

Da babanmu ya rasu, malamai suka raba mana gado ni da ƙanena, amma baƙi ba a raba su. Wanda ya zauna a zauren gida shi ke da su, kuma ni ne babba, ni na zauna.

A Agadas ta wancan lokacin, ɗan kasuwar da ya zo daga kudu sayen dabino ko gishiri ba ya faɗawa kasuwa kai tsaye. Yana da mai masauki. A zaurensa yake kwana, tuwon gidansa kaɗai yake ci, kuma ba ya sayen ko tiya guda a bayan idonsa. Shi ma mai masaukin akwai abin da ke wuyansa. Dole ya faɗa wa baƙonsa gaskiyar kasuwa, ya kai shi inda kaya suka fi kyau da sauƙi, ko da ba nasa ba ne. Sannan baƙo ba ya tashi daga gidan da ya saba sauka ya koma wani da ƙafarsa, sai dai mai masaukin ya ɗauke shi da kansa ya miƙa shi. In ya ƙaura ba a miƙa shi ba, gari zai ɗauka an ci amanarsa a gidan da ya baro, kuma irin wannan tabon ba ya wankuwa.

Cikin baƙin da na gada, wasu sun mutu, wasu sun bar sana'ar. Mai nauyin da ya rage mini shi ne wani tsoho Bakano da muke ce wa Alhaji. Kowace shekara yakan zo kafin azumi ya kwashi dabinon Kawar, wanda za a sha ruwa da shi a Kano. Tun ina rarrafe yake sauka gidanmu. A kansa cinikina yake tsaye, kuma saboda shi ne dattawan unguwa suke matsa mini wuri a kan tabarma alhali ban kai shekarunsu ba.

Sana'ar tamu ba ta da wuyar fahimta. Bayan kaka nakan sayi gero, in ɗora wa ayarin raƙuma masu ƙetare hamadar Tenere. A Sigidin, can cikin yankin Kawar, akwai mutanen da babanmu ya saba da su, masu itatuwan dabino. Su ba sa noma gero, mu ba mu da isasshen dabino. Sai a yi musaya, tiya da tiya, ayari ya dawo mini da buhuna, in tsince su, in jere a ɗaki, in jira Alhaji.

Ƙanena kuwa bai taɓa son wannan aikin ba. Ni na yi lakwal, makarantar boko, har na samu satifika, shi ya gudu tun yana aji na ƙasa. Ya liƙe wa wani shofer, direban babbar mota mai bin hanyar Tamanrasset ta Aljeriya, ya zama aparantinsa, wato yaron mota, yana hawa bisan kamyon, babbar motar, yana ɗaure igiya. In ya shigo gida da rigar da baƙin mai ya ɓata, tausayinsa nake ji. Babanmu ma yakan ce ni ne mai natsuwa. Na riƙe maganar nan shekaru, kamar wanda aka ba takardar gida.

Sai aka yi shekarar da damina ta ƙi. Sojoji ke mulki a lokacin. Hadari yakan haɗu ta gabas da la'asar, mu fito muna kallo, iska ta watsa shi. Masu lambun Iferwan suka ce rijiyoyinsu sun ja baya, alkamar da suke kawowa kasuwa ta ɗauke. Daga kudu labari ya zo cewa gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Makiyaya suka fara sauka bakin gari da ƴan dabbobin da suka rage musu, tumaki kamar an rataya fata a kan ƙirare. Tiyar gero ta yi tsadar da in aka faɗa maka sai ka sake tambaya.

Duk da haka na sayi geron ayari, don ban san wata hanya ba. Ban gama tara shi ba aka yi shela a radiyo cewa duk wanda aka kama ya ɓoye hatsi yana jiran tsada zai gamu da hukuma. Na kasa cin abinci. Ni ba ɓoyewa na yi ba, amma wa zai dubi buhuna a ɗaki ya san niyyar mai su? Na sa rigata mai kyau na tafi ofishin farfe, gwamnan jiharmu, in kai kaina. Sojan da ke bakin ƙofa ya ce, "Wa ya kira ka?"

Na ce, "Ba kowa."

"An kai ƙararka?"

"A'a. Gero ne gare ni, na zo in faɗa."

Ya dube ni, ya kira abokinsa ya zo ya ga mutumin da ya kama kansa. Ba su zalunce ni ba. An dai ce tunda na faɗa, kada geron ya motsa sai an ba ni takarda, ita kuwa takarda tana da nata lokacin. Ina jiranta kuma wata damuwar ta kama ni: ya halatta in fitar da gero daga garin da ake yunwa? Na je wurin limamin unguwarmu. Ya ce mutanen Kawar ma Musulmi ne, su ma ciki gare su. Ranar da takardar ta fito, yawancin ayarin sun riga sun tafi. Madugun da ya rage ya ce babu ciyawar da za a ɗaura wa raƙuma guzuri, waɗansu ma ba za su dawo ba, don haka ladansa ya ƙaru. Ban ga laifinsa ba.

Dabinon ya zo, mai kyau kamar kullum, don itacen dabino ba ruwan sama yake jira ba. Mutanen Sigidin har sun ƙara mini a kan kowace tiya saboda yadda suke buƙatar geron. Amma ƙarin bai kai tsadar geron da ta raƙuman ba. Na zauna da dabino mafi tsada da gidanmu ya taɓa ajiyewa.

Farin da ya tsadantar mini da gero, shi ya arahantar wa ƙanena da tumaki. Da ɗan rabonsa na gado ya riƙa zagaya bakin gari yana sayen dabbobin makiyaya, ya ba su dusa da ruwa su ɗan miƙe, ya loda a kamyon maigidansa. A Tamanrasset nama na tsada, dabino kuwa kamar ƙasa, don can ba da gero ake sayensa ba, ba kuma raƙumi ke ɗauko shi ba. Ya kai tumaki ya dawo da dabino. Ya sake kaiwa. Kafin sanyi ya wuce ya kama ɗakin ajiya a unguwar Dagmanet, kafin zafi ya shigo ya sayi gida a gefensa, ya shafe shi da siminti, ya ja wuta.

Ban san haka ƙyashi yake ba. Na ɗauka abu ne da ke zuwa ya wuce, kamar ciwon kai. Ashe zama yake yi. In mun fito masallacin Juma'a sai in riƙa lura da wanda aka fara miƙa wa hannu cikinmu. Ya sayi agogo, na ce a raina ya yi masa yawa a hannu. Ya aiko gidana da taliyar Aljeriya da madarar gari, yarana suka ci suna lashe kwano, ni na ce cikina ba ya son taliya. Na yi ta neman aibun cinikinsa. Na ce ai cin gajiyar masifar bayin Allah yake yi. Sai ga shi da kunnena na ji wani tsohon makiyayi yana sa masa albarka a kasuwar dabbobi, don in ba shi ba, ba mai taya tumakin, mutuwa za su yi a banza. Ko wannan albarkar sai da na ji zafinta. Nakan yi istigfari bayan kowace salla, don malamai sun ce hassada na cinye lada. In na shafa addu'a na tashi, sai in tarar da abin yana nan inda na bar shi.

Mai ɗakina ta gane. Wata rana ta same ni ina murza ƙwayar dabinonsa da yaran suka shigo da ita, ina neman tsutsa. Ta ce, "Malam, in ka samu ka kira ni in gani. Tun jiya nake ci ban samu ba."

Na ce, "Busasshe ne. Ba shi da ɗanɗanon na Kawar."

"Haka ne," in ji ta. "Mai yunwa ma haka yake cewa."

Alhaji ya iso cikin tsakiyar zafi. A shekarar iyakar ƙasarsu a rufe take, ta hanyar daji ya biyo, ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Na shimfiɗa masa a zaure, aka kawo ruwa, muka gaisa, ya yi wa babanmu addu'a kamar yadda ya saba. Na kawo masa dabinona a faifai. Ya ɗauki ɗaya, ya tauna a hankali, ya lumshe ido.

"Sigidin," ya ce. "Ko a mafarki na san shi. To, mai gida, ba ni gaskiyar kasuwa."

Na daɗe ina shirya amsar nan. Na shirya yadda zan yabi nawa in yi shiru a kan saura, ba tare da na yi ƙarya ba. Na shirya yadda zan ce na Aljeriya ba ya jure ajiya, alhali ban tabbatar ba. Da ya tambaya, duk suka watse, don muryar da ya yi tambayar da ita ce yake yi wa babanmu. Na faɗa masa abin da nawa ya tsaya mini. Ya riƙe baki. Na ce akwai wani, na Aljeriya, bai kai wannan daɗi ba, amma ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba.

"A hannun wa?"

Na ce, "A hannun ƙanena."

"Wane? Mai gudun lakwal ɗin nan da ya taɓa sace mini goro?" Ya yi dariya har da tari. Da ya ga ban yi ba, ya gyara zama. Ya ce, "Ɗana, bari in faɗa maka tawa gaskiyar. Kuɗinmu ya raunana. Kuma Kano ba Kawar kaɗai ke kai mata dabino ba. Akwai wanda ke zuwa ta jirgin ruwa daga ƙasashen Larabawa, inda ba su san an yi fari a nan ba. Mai azumi in ya zo saye ba zai tambaye ni raƙumi nawa ya mutu a Tenere ba. Zai dubi nawa, ya dubi na maƙwabcina, ya sayi mai sauƙi. In na kai naka a yadda ya tsaya maka, ni da jikokina za mu cinye shi."

Da safe na kai shi Dagmanet. Ƙanena ya fito da gudu, ya durƙusa har ƙasa. Alhaji ya ce, "Tashi, ɓarawon goro. Ashe ka zama mutum."

"Baba, ai goron ne jarin," in ji ƙanena. Mutanen da ke wurin suka fashe da dariya. Ni ban iya irin wannan maganar ba, ban taɓa iyawa ba. In babba ya tsokane ni, sai na koma gida amsar take zo mini.

Ya buɗe ɗakin ajiyar. Buhuna har rufi. Alhaji ya sa hannu can cikin wani buhu, ya fasa ƙwaya, ya duba, ya gyaɗa kai. A gabana aka yi cinikin, kamar yadda al'ada ta ce, ni na haɗa hannuwansu. Ya saye kusan duk abin da zai saya a can. Nawa ya ɗauki kaɗan, ya ce na tsofaffin da suka san ɗanɗano ne.

Na ce a raina, to, ciniki ya tafi, amma baƙon yana nan. Ƙanena ya riƙe kamyo da gidan siminti da gaisuwar mutane, a bar mini tsohon. Muddin a zaurena yake kwana, ni ne magajin babanmu.

Sai dai awon dabinon da ɗinkin buhuna aikin kwanaki ne, kuma Alhaji ba ya yarda a auna masa kaya ba ya tsaye. Gidanmu na cikin tsohon gari, Dagmanet na can gefe. Kullum bayan asuba sai ya ɗauki sandarsa mu taka, mu dawo da yamma. Ƙanena ya ce zai riƙa ɗauko shi a mobilet, ɗan baburinsa, ya ce shi bai gaji da duniya ba tukuna. Da rana a fito da shinkafa da nama daga gidan ƙanena, ƙamshi ya cika wurin, Alhaji ya ce Alhamdu lillahi, tuwonsa na jiransa a masaukinsa. Ruwa kaɗai yake karɓa. Tuwon da ke jiran nasa kuwa na jar dawar taimako ne, wadda ake rabawa a unguwa, don geron gidana ya tafi Kawar, dabinon da aka kawo a madadinsa kuma yana jibge a ɗaki. Mai ɗakina takan yi iya ƙoƙarinta da miya. Yakan ci kaɗan ya yaba.

Ina ganin duk wannan. Ina ganin ƙafafunsa suna kumbura har igiyar takalmi na nutsewa. Na san saboda ni yake yi, don kada a ce ya bar gidan abokinsa shekarar da gidan ya rasa. Kuma, Allah Ya sani, akwai wani wuri a zuciyata da ke jin daɗi duk lokacin da ya mayar da kwanon ƙanena a rufe.

Wata la'asar muna dawowa, ya tsaya ya dafa bangon wani gida, sannan ya zame ya zauna a ƙasa. Ya ce ba komai, jiri ne. Na samo ruwa na shafa masa a fuska. Muka daɗe a wurin, masu wucewa na yi mana sannu. Da muka isa gida mai ɗakina ta leƙo ta gan shi, ta ja ni gefe.

"Malam, amana aka bar maka ko gawa kake so a ɗauka daga zaurenka?"

Na ce, "Shi bai ce zai tashi ba."

"Zai ce? Kai ma ka san ba zai ce ba. Ni dai na gaya maka, in ya faɗi a hanya, ba ƙanenka za a tambaya ba."

Na koma zaure na zauna kusa da Alhaji. Na so ya roƙe ni in miƙa shi, ko da da ido ne, in samu abin da zan ce shi ya nema. Bai yi ba. Yana ta ba ni labarin yadda shi da babanmu suka taɓa ɓata a kasuwar Damagaram.

Washegari na bari sai da hantsi ya yi, kasuwa ta cika, don miƙa baƙo ba a yin sa a ɓoye. Na naɗe shimfiɗarsa, na ɗauki jakarsa a kafaɗa. Ya dube ni ya ce, "Me ke nan?"

Na ce, "Baba, zan miƙa ka."

"Na yi ƙorafi?"

"Ba ka yi ba."

"Tuwon ne? Ai na ci wanda ya fi shi muni a gidana."

Na ce, "Ƙafarka ce."

Ya dubi ƙafar kamar ta wani ce. Sannan ya miƙo hannu na tashe shi. Na samo amalanken jaki na ɗora shi, ni ina tafe a gefe da jakar. Muka ratsa ta bakin kasuwa. Duk wanda ya gan mu ya san abin da ake ciki. Wasu suka bar rumfunansu suka biyo mu don su zama shaida, ciki har da dattawan unguwarmu biyu. Ban ɗaga kai na dubi kowa ba.

A ƙofar gidan simintin na ajiye jakar, na kira ƙanena. Na kama hannun Alhaji na sa a nasa, na faɗi abin da ake faɗa: "Ga baƙon babanmu, na miƙa maka shi. Ban same shi da laifi ba, bai same ni da laifi ba." Alhaji ya ce, "Ban same shi da laifi ba." Dattawan suka ce sun shaida, aka shafa fatiha.

Ƙanena ya rikice. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Haba Yaya, ai gida ɗaya ne. Nan da can duk naka ne." Da ya yi murna ko ya ɗaga hanci, da na samu abin riƙewa. Kirkin nan nasa shi ya fi komai ƙona ni. Na ga an shiga da tsohon ɗaki mai bantilatar, fankar lantarki, na ji yana tsokanar matar ƙanena tun bai zauna ba. Na juya na kama hanya.

Ban yi nisa ba na ji gudu a bayana. Ƙanena ne, babu takalmi, yana haki.

"Yaya, tsaya. Me yake ci da safe? Ni ban san komai nasa ba."

Na tsaya a tsakiyar rana ina dubansa, shi da agogonsa. Sanin halin tsohon, abin da ya rage mini ke nan wanda ba shi da shi. Na ce kunun tsamiya, kada a sa sukari. Na ce ba ya shan ruwan sanyi na firigo, a sa masa a tulu. Ba ya son a tashe shi in ya kishingiɗa bayan azahar, kuma in ya ce ya ƙoshi a ƙara masa sau ɗaya, zai ci. Ƙanena yana ta gyaɗa kai yana maimaitawa, ya yi mini godiya, ya koma da gudu.

Shekarun da suka rage wa Alhaji a sana'ar, a Dagmanet ya sauka. Dabinona na sayar da shi tiya-tiya a bakin kasuwa, har bayan sallar layya ina da saura. Ruwa ya dawo daga baya, gero ya sauko, na sake ɗora wa ayari, amma Kano ta riga ta saba da mai sauƙi, kuma ba a miƙa baƙo a dawo a ce a mayar.